Daga Kufan Nalanda Zuwa Ajin Ƙauye a Bihar

Da asuba muka bar Patna, babban birnin jihar Bihar a Indiya, tafiyar kusan kilomita 90 ta tsakiyar gonakin shinkafa, har muka isa Nalanda. Abin da ya rage jan bulo ne: ɗakunan ɗalibai a jere sun kewaye tsakar gida, ga rijiya, ga dandamalin da malami yake zama. A ƙarni na 5, zamanin sarakunan Gupta, aka kafa wannan cibiyar karatu ta mabiya addinin Buddha, kuma malamin Buddha Xuanzang ya taso tun daga Sin a ƙarni na 7 don ya yi karatu a nan. Wajajen shekarar 1200 ta durƙushe.

Makarantar Indiya ta yau ba daga wannan kufai ta samo asali ba. A 1835 Macaulay, wani jami'in Birtaniya, ya sa gwamnatin mulkin mallaka ta karkata kuɗinta ga karatu da Turanci, a 1857 aka buɗe jami'o'in Calcutta da Bombay da Madras. An ɗora rufi tun ba a zuba harsashi ba, aka bar firamaren ƙauye a baya. Gandhi ya nemi gyara a Wardha a 1937, da karatu cikin harshen uwa haɗe da sana'ar hannu. A 1966 kwamitin Kothari, wanda gwamnati ta kafa don duba harkar ilimi, ya ce a ware wa ilimi kashi 6 cikin 100 na arzikin ƙasa, har yau ba a kai ba.

Washegari na shiga wata firamaren gwamnati kusa da Rajgir. Aji cike yake. Dokar 2009 ta wajabta karatu kyauta daga shekara 6 zuwa 14, ga abincin rana, giram 100 na shinkafa ko alkama ga kowane yaro. A gida Magahi, harshen yankin, suke yi, littafinsu kuwa da Hindi. Malama ta miƙa wa wata yarinya takarda guda mai kashi huɗu: haruffa, kalmomi, gajeren sakin layi, da labari na matakin aji 2. Yarinyar ta bi kalmomin da yatsa, tana zuwa sakin layin ta tsaya cak. Da irin wannan takarda ƙungiyar Pratham take gwada yara gida-gida tun 2005, a binciken ASER, rahoton halin da ilimi yake ciki a karkarar Indiya. A 2018 kusan rabin 'yan aji 5 na karkara ne kawai suka iya karanta labarin aji 2, a 2022 adadin ya sauko ƙasa da kashi 43.

Gyaran da na fi yarda da shi ba shi da tsada. A gwada kowane yaro shi kaɗai. A ajiye batun aji da shekaru, a raba su bisa inda kowa ya tsaya: masu harafi daban, masu kalma daban. Kullum a ware lokaci na musamman, a yi karatu da baki, a yi lissafi da tsinke da ƙulli goma-goma. Bayan kwana 10 a sake gwaji, wanda ya ci gaba ya koma rukuni na sama. A jihar Uttar Pradesh zangon kwana 40 na irin wannan koyarwa ya ninka yawan masu iya karanta sakin layi ko labari.

Amma a nan Bihar an ga inda yake lalacewa. Malamai sun yi nasara da shi a zangon hutu, da aka koma makaranta sai ya mutu, domin abin da ake tambayar malami shi ne ko ya gama manhaja. A jihar Haryana sai da aka sa masa awa guda a jadawali, aka horar da masu sa ido suka fara koyarwa da hannunsu, sannan ya kama. Manufar ilimi ta 2020 ta sa iya karatu da lissafi kafin ƙarshen aji 3 a gaba, ta kuma nemi a koyar da harshen uwa akalla zuwa aji 5. A ajin da na zauna, malama da Magahi take bayani, allo kuma da Hindi.