Hunturuna na farko a Brighton da ƙudan zuma mai gashi

Na sauka a Brighton, kudancin Ingila, cikin watan Satumba domin karatun digiri na biyu a Jami'ar Sussex, kuma abin da ya fi ba ni wahala shi ne duhu, domin a Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, kafin mutum ya naɗe dardumar La'asar Magariba ta kawo kai. Na shafe watannin nan daga aji sai ɗaki.

A watan Maris na ga wani ƙaton ƙwaro mai gashi, baƙi da ratsin rawaya, yana shawagi ƙasa-ƙasa a bayan gidan da nake haya. Dattijuwar da ke maƙwabtaka da ni ta ce sarauniyar bambulbi ce, wato wani nau'in ƙudan zuma mai gashi, wadda ta kwana hunturu ita kaɗai a cikin ƙasa, yanzu take neman ramin da za ta kafa gida. A garinmu darajar ƙudan zuma tana cikin amyar da ake ratayawa a kan ɗorawa, shi ya sa na yi mamakin yadda ake ji da wanda ba a ɗibar zumarsa. Ashe aikinsa barbarar furanni ne, har da na tumatir, wanda sai ya girgiza furen da ƙarfi kafin garin cikinsa ya zubo.

Daga bakin dattijuwar na fara jin sunan Farfesa Dave Goulson na jami'armu. Ya yi digirin digirgir a kan malam-buɗe-littafi, ya koyar a Southampton, ya koma Stirling a Sikotland, ya kafa ƙungiyar kare bambulbi ta Bumblebee Conservation Trust a 2006, sannan ya zo Sussex a 2013. Binciken da ya yi da abokan aikinsa a 2012 ya nuna cewa gidajen bambulbin da suka ci maganin ƙwari na imidacloprid sun yi asarar kashi 85 cikin 100 na sababbin sarauniyoyin da ya kamata su haifa. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da shi da wasu danginsa biyu a gonakin fili.

Tun daga lokacin da na ga sarauniyar nan nake fita tuddan South Downs duk ranar Asabar, kuma a cikin nau'o'in bambulbi 24 da Birtaniya ke da su, yanzu ina iya bambance biyar. Dattijuwar nan kuwa ta ba ni wani ɓangare na lambunta, na shuka wake da tumatir.