Littattafai Bakwai, Maki 176

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ɗan yayata ya yi sallama rungume da wata baƙar leda kamar mai ɗauke da jariri. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya zazzage ta a kan tabarma yana murmushin wanda ya gama rabin aiki. "Kawu, na haɗo komai." Littattafan tsofaffin tambayoyin JAMB ne, hukumar jarrabawar shiga jami'a, guda shida daga Sabon Gari, bangonsu ja da rawaya, kowanne da alkawarin maki ɗari uku zuwa sama. A ƙarƙashinsu akwai wani ɗan siriri mai taƙaita littafin labarin da ake tambaya a Turanci. Na duba, ashe na The Life Changer ne, alhali tun 2025 hukumar ta koma The Lekki Headmaster. Mai shago dai ya sami inda zai sauke kwantai. Na ce, ina silabus ɗin? Yaron ya dube ni sai ka ce Faransanci na yi masa.

Ban iya yi masa faɗa nan take ba, don na san ledar nan. Ni ma na rungumi irinta a 2007, lokacin jarrabawar shiga jami'a sunanta UME, kafin a haɗe ta da ta kwalejoji da foliteknik a 2010 ta zama UTME. Likita nake son zama, wato Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji ne a gabana. Inna ta kwashi adashenta ta ƙirgo mini kuɗin littafi, ko hannunta bai yi rawa ba. Har yau ina ganin kantar shagon nan. Mai shago ya ajiye mini Kemistirin Ababio, ƙato kamar bulo, a gefensa kuma littafin tsofaffin tambayoyi mai amsoshi jere a baya, A, C, C, B, babu bayani ko layi ɗaya. Na ɗaga wannan, na ɗaga wancan. Na ce wa kaina lokaci ya ƙure, kuma kuɗin bulon nan zai sayi uku na ɗayan. Kafin wata ya ƙare na tara bakwai.

Kada ku ɗauka lalaci na yi, na yi wahala. Bayan asuba ina kai, da dare in an ɗauke wuta in kunna fitilar ƙwai har hancina ya yi baƙi. Sai dai wane irin karatu? In karanta tambaya, in canka, in leƙa baya, in haddace. Cikin wata biyu, kalma uku ta farkon tambaya ta ishe ni in faɗi amsa. 'Yan ajinmu suka fara kirana Dakta, ni kuma ina amsawa.

Akwai wani abokina shiru-shiru, ɗan gidan tela, wanda Ababio ɗaya ne duk dukiyarsa, gadon yayansa, ko bango babu. Wata rana a gindin dalbejiyar makaranta muka iso tambayar mol (ma'aunin yawan sinadari a Kemistiri) nawa ne a giram 11 na kabon dayoksaid. Kafin a rufe baki na ce 0.5. Ya karɓi biro ya rubuta a bayan littafina: kabon 12, oksijin biyu 32, jimla 44, 11 a raba da 44 ya ba da 0.25. Na ce kai ka fi littafi sani? Na ciro na biyu, shi ma 0.5 ya ce. Na yi masa dariya a gaban mutane, shaidu biyu sun kayar da ɗaya. Sai daga baya na gane shaidun nawa kwafar juna suka yi, har da kuskuren. Ya yi shiru ya mayar mini da birona. Wannan shirun ya fi komai ci mini rai idan na tuna.

To amma a yi mini adalci. Duk shekararmu ta aji biyar babu malamin Kemistiri sai wani ɗan bautar ƙasa da ya yi zango biyu ya tafi. Ɗakin gwaje-gwajenmu ƙura ce da kwalabe marasa komai. A gidanmu ba wanda ya taɓa shiga jami'a balle ya ce mini akwai wata takarda da hukumar ke fitarwa mai jera duk abin da za a tambaya. Turancin manyan littattafan kuma yana ba ni ciwon kai, sai in yi rabin awa a shafi ɗaya. Yaro ɗan shekara goma sha takwas da aka nuna wa gajeriyar hanya, wa zai ga laifinsa? Haka na yi ta faɗa wa kaina shekaru. Abin da ke ɓata mini hujjar shi ne ɗan gidan telan nan, ajinmu ɗaya, ƙurarmu ɗaya, kuma ya fi ni talauci.

Ranar jarrabawa aka raba takarda, muka fiƙe fensir HB. Tambayoyin duk na san fuskarsu, amma sun sake riga. Ga ta mol ɗin nan ta zo, sai dai giram 8.8 aka ce. Wallahi sai na kama kaina ina neman 0.5 a cikin zaɓin. Babu. Lissafin da ba ya wuce daƙiƙa ashirin ga wanda ya san hanyarsa, ni ban taɓa yin sa da hannuna ba ko sau ɗaya. Da sakamako ya fito na kankare kati a kafe, allon ya nuna 176 cikin 400. Mako guda ina ce wa Inna ba a saki namu ba. Ta sani. Ba ta taɓa yi mini maganar adashen ba har ta koma ga Allah, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Shekarar da ta biyo baya na yi aron littattafan gaske na sami gurbi, amma zuciyar neman likitanci ta riga ta karye, na karanta koyar da Bayoloji. Ban ce koyarwa faɗuwa ba ce, da ita nake ci da iyalina. Ba ita na fita nema ba, shi ke nan.

A daren Asabar ɗin na rubuta wa yaron shawarwari goma a takarda. Da ya dawo Lahadi, wayarsa na ta ƙara a aljihu, sai na ga uku ma sun yi masa yawa.

Kada ka sayi littafi ko ɗaya sai ka ga silabus. Kyauta ne a shafin hukumar, kowane darasi da batutuwansa da jerin littattafan da aka ba da shawara. Ku da kuke kwana a TikTok, datar minti biyar ta gagare ku? Ka sauke shi, ka buga a takarda, ka shiga shago da shi a hannu. Ka kuma tabbatar da darussan da fannin da kake nema ke bukata, don akwai wanda ke cin maki mai kyau a haɗin da ba nasa ba.

Sannan kowane darasi littafi ɗaya, mai bayani. Kafin ka biya, buɗe batun da ya fi ba ka wuya, ka karanta shafi ɗaya a tsaye a shagon. In ka gane wani abu, saya. In littafin tsofaffin tambayoyi ne, juya baya: wanda bai nuna yadda aka kai ga amsa ba, ajiye wa mai shago kayansa. Littafin labarin Turanci kuwa ka karanta shi kansa, ba taƙaitawa ba. Mutum zai bi fim mai dogon zango kashi tamanin amma ɗan littafi ya fi ƙarfinsa!

Na san na zagi tsofaffin tambayoyi tun farkon maganar nan, amma wanda bai yi su ba shi ma zai sha ƙasa. Yanzu tambaya 180 ce cikin awa biyu, Turanci 60, sauran uku 40 kowanne, wato daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya, kuma tun 2015 a kwamfuta ake yi. Sai ka saba da agogo da allo, don haka ka yi jarrabawar gwaji in ka sami hali. Kai, in wata biyu kaɗai ya rage maka, ba zan ce ka fara bulo daga shafin farko ba, ƙarya zan yi maka. Ka bi tambayoyin, duk wadda ka faɗi ka koma babban littafi ka nemo dalili. Guda ɗaya ya isa, ba shida ba. A 2025 sama da mutum miliyan ɗaya ne ba su kai 200 ba, kuma ban yi tsammanin rashin leda ce ta kayar da su ba.

Ina cikin wannan ya ciro waya ya nuna mini wani zauren WhatsApp da aka ce za a turo tambayoyin bana ana gobe jarrabawa, in an biya dubu biyar. Nan haƙurina ya ƙare, na faɗi maganganun da ba zan rubuta ba. Da na huce na shiga ɗaki na ɗauko masa Ababio ɗin da na saya da kuɗin alawus ɗina na bautar ƙasa. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya yi godiya, ya ɗan jinjina nauyinsa.

"Kawu, ba a samun shi a waya?"