Kafin ka ɓoye robar nan, ji abin da na aikata a jiyokashin

Ɗan yayata ne ya shigo min da jaka cike da ƙananan robobi, irin na magani ɗin nan da aka wanke, kowacce ya naɗe 'yar takarda ya cusa mata. Wai Kawu ka gani, duk ɓoye su zan yi a ƙarshen makon nan, so nake in an buɗe taswira a ga sunana ko'ina. Na ce to kai nawa ka taɓa nemowa tun da ka fara? Ya ce ba su da yawa amma ai ya riga ya gane kan abin. Sai da gabana ya faɗi, don maganar nan tawa ce, da bakina na taɓa yin ta, kuma na san inda ta kai ni. Na so in zaunar da shi a nan take amma hankalinsa na kan waya, yana ta to Kawu, to Kawu, ba ji yake ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta ko wani zai karanta.

Ga wanda bai san jiyokashin ba, wasan ɓoyo da nema ne. Wani zai ɓoye mazubi da takardar sa hannu a ciki, ya ɗauki lambobin wurin da GPS ya saka a Geocaching.com, kai kuma ka bi lambobin da wayarka har ka gano, ka rubuta sunanka da kwanan wata, ka mayar da shi daidai yadda ka tarar, sannan ka bar rahoto a manhaja. In akwai 'yan tarkace a ciki kana iya ɗauka amma sai ka ajiye wanda ya kai shi ko ya fi shi. Shi ke nan. Ba alƙalin wasa a wurin, ba kyamara, ba mai ganinka, ajiya sama da miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190 duk a kan amana suke zaune, amanar mutanen da mafi yawansu ba za su taɓa ganin juna ba. Ni a lokacin ban ga wannan ba, lamba kawai nake gani.

Lambar nan da ke gefen sunanka, mai nuna nawa ka samo, ita ta cinye ni. Da farko daɗin fita nake ji da zuwa wuraren da ban taɓa sanin akwai su ba, daga baya sai ya zama in na je wuri ko ɗaga kai ba na yi, in sa hannu in ruga na gaba. Ga kwaɗayin FTF, wato ka zama na farko da ya samo sabuwar ajiya, sanarwa na shigowa ko cikin dare ne in zari takalmi. Ga jadawalin nan mai gida 81 na wahalar nema da wahalar hanya da kowa ke son cikewa. Ban ce waɗannan laifi ba ne fa, har yanzu in na buɗe takarda na gan ta fes ba sunan kowa sai na ji wani abu a ƙirjina. Amma daga can ne na ce to me zai hana ni ma in zama mai ajiya, kuma in fi kowa yawa.

Dokar wasan ta ce a bar aƙalla mita 161 tsakanin ajiya da ajiya. An yi ta ne don kada a cunkushe wuri, ni kuwa na mayar da ita ma'aunin tafiya, in na taka mita 161 sai in tsaya in nemi inda zan cusa roba, bayan tulin shara ne, gindin falwaya ne, ramin bango ne, duk ɗaya. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa zan kawo mutum wurin nan ba. A yi min adalci kuma, taswirar inda nake a lokacin wayam take, mutum zai sauke manhaja ya duba ya ga babu komai kusa da shi ya goge ta, dole wani ya fara. Akwai waɗanda a kan ajiyoyin nan nawa suka koyi wasan, har yau suna yi. Wannan gaskiya ne kuma ba zan janye shi ba. Sai dai akwai waɗanda su ma a kansu suka fara, suka tarar da ƙazanta, ba su sake dawowa ba, su ba na iya ƙirga su don ba sa barin rahoto.

Na san abin da suka tarar saboda daga baya na je da kaina na buɗe ɗaya. Rana ta gasa murfin ya tsage, ruwan sama ya shiga ya kwanta, takardar ta jiƙe ta dunƙule ta zama baƙi-ƙirin da funfuna, sunayen mutane duk sun narke sun haɗe, biron da na saka ya yi tsatsa, kiyashi sun yi gida a ƙasa, ga wari. Wani bawan Allah da bai samu inda zai sa hannu ba ya yago gefen rasit ya rubuta sunansa ya saka a 'yar leda. Wata da watanni ana rubuto min cewa ajiyar nan tana bukatar gyara, ina gani ina wucewa, ina cewa sai ƙarshen mako. Aiki ya yi min yawa a lokacin, wannan ma gaskiya ne, amma lokacin zuwa neman na wasu bai taɓa gagarata ba.

Lambobin GPS ma ban kula da su ba. GPS na waya ko a fili yana iya kauce maka da 'yan mitoci, a ƙarƙashin bishiyoyi ko tsakanin dogayen gine-gine abin ya fi haka, shi ya sa masu hankali ke tsayawa su ɗauki karatu sau da yawa, su tafi su dawo su sake gwadawa. Ni sau ɗaya nake dannawa ina tafiya. Akwai wadda na kuskure lamba ɗaya wajen kwafa, kuma a lambobin GPS minti ɗaya na latitud, wato awon arewa da kudu, kusan kilomita 2 ne, mutane suka yi ta birkita ciyawa a inda babu komai. Wata kuma rami na tona mata duk da na san an hana tono. Da aka yi min magana har hujja na kawo, na ce ai ajiyar farko a duniya, baƙin bokitin da Dave Ulmer ya ajiye ranar 3 ga Mayun 2000 kusa da Beavercreek a jihar Oregon ta Amurka, washegarin da gwamnatinsu ta daina gurɓata siginar GPS ga farar hula, ita ma a ƙasa aka nutsa ta, har da gwangwanin wake a ciki wanda yanzu an hana sa abinci. Tarihin daidai ne. Amma lokacin da aka buɗe Geocaching.com a Satumban shekarar ajiya 75 ce kacal a duk duniya, dokokin sun zo ne bayan an ga ɓarnar da tono ke yi wa filayen mutane da yadda dabbobi ke yaga mazubi saboda ƙanshin abinci. Na san haka sarai lokacin da nake musun.

Wanda ya fi damuna shi ne na izini. Wajen saka ajiya kana tabbatar da cewa mai wurin ya yarda, ni kuwa na danna na wuce ban tambayi kowa ba. Na maƙala wata 'yar ƙaramar mai maganaɗisu a jikin shingen wani gini da ke da masu gadi. Wani mutum ya je nema da 'yarsa ƙarama, masu gadi suka gan shi yana lalube a shinge da waya a hannu, suka tsare shi suna ta tambayoyi yarinyar na kuka. Ba laifinsu ba ne, aikinsu suke yi, ko ni ne haka zan yi. Rahoton da ya bari ba zagi ko ɗaya, cewa kawai ya yi don Allah a ɗauke ta kafin wani ya shiga abin da ya fi wannan. Ban amsa masa ba, kunya ta hana ni, ko girman kai, har yanzu ban iya raba su ba. Kuma kada wani ya ce ina kambama abu, a 2011 a garin Wetherby na Ingila sai da aka rufe tsakiyar gari aka kira masu kwance bam saboda an ga wani yana mayar da ajiyar jiyokashin.

Sai maganar matafiyi. Akwai 'yan ƙarafan nan masu lamba, Travel Bug, da ake ɗaura wa ƙaramin abu a sake shi yana yawo daga ajiya zuwa ajiya, mai shi na bin tafiyarsa daga gida. Ba kyauta ba ne, ba a musanyarsa, ɗauka ake a kai gaba. Na ɗauki wani da aka ɗaura wa 'yar motar wasa ja wadda fentinta ya goge a gefe ɗaya, burinsa a rubuce, wai yana son ya ga teku. Na jefa a aljihun jaka da niyyar sai na samu ajiya mai kyau da ta dace da shi, wallahi niyyata ke nan, amma niyyar ta kwana ta tashi har shekara ta juyo. Mai shi ya turo saƙo cikin ladabi, ya ce na ɗansa ne, yaron kullum sai ya tambaya ina motarsa ta kai. Na ce gobe. Lokacin da na tashi nema jakar ma na bayar da ita.

Kuma na taɓa yin abin da duk ɗan wasan kirki ke ƙyama, na nemi ajiyar wani ban gani ba, maimakon in rubuta DNF, wato na nema ban samu ba, sai na ciro roba daga aljihu na ajiye na sa hannu na ce na samu, wai taimakon mai ita nake. Ashe tasa na nan lafiya lau a 'yan taku kaɗan, ɓoyon ne ya fi ƙarfina. Na bar masa robobi biyu da rikici.

Ƙarshenta mai tantancewa, wato mai duba ajiyoyi a Geocaching.com, ya fara rufe ajiyoyina a shafin ɗaya bayan ɗaya. Na yi fushi sosai, na ce mutumin da bai taɓa taka wurin ba shi zai yanke min hukunci, na yi ta ƙorafi a wajen taronmu. Har gobe ina ganin da ya ƙara min lokaci kaɗan. Amma masu tantancewar nan 'yan sa-kai ne, ba biyansu ake ba, kuma sai da ya yi min gargaɗi ya jira. Abin da rufewa ba ta yi shi ne kwashe robar daga inda take, sai da na bi da kaina, wasu ma ban gano su ba saboda lambobin da ni na rubuta. Ranar da muka fita CITO, fitar da 'yan wasan ke yi don tsince shara, wata baiwar Allah ta ɗago wata fasasshiyar roba za ta jefa a buhu, na gane rubutuna a jiki. A jihar Kansas ta Amurka kuwa akwai ajiyar da ake kira Mingo, tun Mayun 2000 take, har yau ana zuwa ana sa hannu saboda ba a daina kula da ita ba.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari masu yawa, da na duba sai na ga ba su kai haka ba. Kada ka ɓoye abin da ba za ka koma ka duba ba. Masu wasan sun ba da shawarar ka samo aƙalla 20 kafin ka ɓoye taka ta farko, ni cewa zan yi ko ka kai 20 ɗin ka ƙara haƙuri, ka ga manya da ƙanana, ka ga wadda ta jure ruwa da wadda ta ruɓe. To amma in inda kake babu ko 20 ɗin fa? Ɓoye mana, in kowa ya tsaya jira wasan ba zai taɓa zuwa wurinku ba. Na san na saɓa wa kaina, a bar shi haka. Guda ɗaya dai, mazubi mai murfin da ke kulle ruwa, a wurin da za ka yi alfaharin kai baƙo, kuma ka je ka tsaya gaban mai wurin ka tambaye shi da bakinka.

Ku kuma yaran yanzu wallahi kuna ba ni haushi. Mutum ya ɓata kwanaki yana ƙera ɓoyo mai wayo, ku zo ku buga TFTC, haruffa huɗu na godiya, ku wuce, jimla biyu ta gagare ku. Mafi muni ku kunna kyamara ku nuna wa duniya daidai inda abin yake don a danna muku so, kun kashe wa duk mai zuwa bayanku daɗin. Kuna buɗe mazubi a gaban jama'a ba ko sakaya, gobe a wayi gari an ɗauke. Komai sauri, minti biyar ba ku gani ba sai neman a turo muku hoto. Eh na sani ni ma na yi gaggawa, na ma fi ku, shi ya sa nake da bakin magana.

Lambar nawa kuka samo kuma ku manta da ita. Ko kuma a'a, ku riƙe ta, ita ke fitar da mutum daga ɗaki ranar da kasala ta kama shi, ni dai ban yarda a yi ƙarya saboda ita ba. In ba ka samu ba rubuta DNF, ba abin kunya ba ne, da shi mai ajiya ke gane cewa wataƙila an ɗauke masa ita. In ka tarar takarda ta jiƙe ka faɗa a rahoto, in kana da busasshiya a jaka ka ƙara. In kuma akwai matafiyin wani a jakarka yanzu haka, tashi ka duba lambarsa, ka kai shi wata ajiya cikin makon nan, ka rubuta wa mai shi inda ka ajiye.