Darussan da na koya a garejin kamfani, a kan ruwan lagireto

Ƙarshen watan jiya na miƙa makullan gareji, na ajiye aiki a kamfanin da nake kula da motocinsa a nan Katsina. Abokan sana'a sun yi ta kirana suna tambaya ko da gaske a kan ruwan lagireto muka rabu. Da gaske ne. Wasu sun ce abin bai kai ya kawo ba. Ni kuwa a wurina ya kai, kuma na san akwai kanikawa a ma'aikatu da kamfanoni da ke fama da irin wannan a yanzu haka, sun rasa bakin magana.

Motocin da ke hannuna Hilux ne masu shan gas, yawancinsu masu injin 2KD, sai 'yan sababbi masu 2GD. Taki da iri da ma'aikata suke kaiwa Mashi da Daura da Mai'aduwa da Zango har Baure, baya cike, hanya rabi kwalta rabi yashi, a Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40. Wanda ya san wannan aiki ya san inji ba ya samun hutu.

Sai aka kawo mana sabon shugaban sashen motoci. Daga ofishin lissafi ya zo, bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota ba, kuma wannan ba laifi ba ne da a ce yana sauraro. Takardar sayayya ta farko da na kai masa, ya bi ta da biro har ya iso kan kulant, wato haɗaɗɗen ruwan da ake zuba wa lagireto, ya ja layi. Ya ce, "Malam, ƙanƙara ake yi a Katsina? Wanga abu don ƙasashen sanyi aka yi shi. Ga burtsatse nan a bakin ƙofa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ba don sanyi muke sa shi ba." Ya ce in tafi, yana da baƙi.

Maganarsa ita ce maganar da ake ji a kowace tasha, kuma akwai guntuwar gaskiya a cikinta, shi ya sa take da wuyar turewa. Tsurar ruwa ya fi kulant ɗaukar zafi, wannan haka yake. Amma ɗaukar zafi ba shi kaɗai ne aikin ba. Gangar jikin 2KD baƙin ƙarfe ce, kan silindarta alminiyam, lagireton ma alminiyam. Ƙarafa iri-iri a cikin ruwa ɗaya mai zafi cin juna suke yi, kuma abin da ke hana su shi ne maganin tsatsan da ke cikin kulant. Ruwan burtsatse da na rijiya kuma yana ɗauke da gishirin ƙasa, idan ya sha zafi sai ya bar farin ɓawo a bangon hanyoyin ruwa. Ɓawon nan ba sai ya yi kauri ba, kaɗan ma ya isa ya hana zafi fita daga ƙarfe ya shiga ruwa, ya toshe siraran bututun lagireto ɗaya bayan ɗaya. Sannan ruwa a buɗe a digiri 100 yake tafasa. Rabin ruwa rabin etilin gilaikol, sinadarin da ake yin kulant da shi, sai ya kai wajen 107, idan kuma murfin lagireto na riƙe matsinsa, wato 0.9 ko 1.1 ɗin nan da ake bugawa a kansa, sai ya haura 120. Motar da ke jan buhunan taki a cikin yashi da azahar, wannan ratar ce ke tsakaninta da ƙonewa.

Na rubuta masa duk wannan a shafi ɗaya. Da ya ga ban saki ba, sai ya ce to za a saya, amma shi zai kawo mai kawowa. Bayan 'yan kwanaki aka sauke mana jarkoki a sito, ruwan ciki ja wur, takardar jiki babu sunan masana'anta, babu lambar inganci, sai hoton mota da kalmomi masu daɗin ji. Ya kira ni da kansa ya ce, "Ga shi nan, ja, irin na Toyota. Hankalinka ya kwanta?"

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa, har da kanikawan da suka daɗe a sana'a. Launin kulant rini ne kawai. Babu dokar da ta tilasta wa masana'anta cewa ja kaza ne, kore kaza ne. Abin da ya raba su shi ne irin maganin tsatsan da ke ciki. Tsohon samfuri, wanda aka saba gani kore, da siliket yake aiki, yana shafe ƙarfe da sauri amma yana ƙarewa da wuri, duk shekara biyu a canza. Na zamani da asid na musamman suke aiki, suna daɗewa. Littafin Hilux ya faɗa ƙarara: a sa Toyota Super Long Life Coolant, mai launin ruwan hoda, ko makamancinsa na etilin gilaikol wanda babu siliket, babu amin, babu naitirait, babu boret a cikinsa. Shi mai ruwan hodan a haɗe yake zuwa, rabi da rabi, ba a ƙara masa ruwa. Wanda motar ta fito da shi daga masana'anta yana kai kilomita 160,000, daga nan duk 80,000. Jan na Toyota kuwa, wanda ya riga shi fitowa, idan mai kauri ka samu sai an sirka shi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ɗin ba.

Batun naitirait ɗin nan ma abin lura ne, domin na sha jin ana cewa ai gas gas ne, abin da tirela ta sha Hilux ma za ta sha. Manyan injuna da yawa silif ɗinsu, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a cikinsa, a cikin ruwa yake tsamo-tsamo. Duk bugun fistin sai ya yi rawa, ƙananan kumfa su taso a jikinsa su fashe, su yi ta sassaƙar ƙarfen har su huda shi. Naitirait a kulant ɗin manyan motoci don wannan aka sa shi. Injin Hilux ba haka aka gina shi ba, kuma masu shi sun ce ba sa so. Wanda ke riƙe da D-Max ko Navara ko L200 ko Ranger, shi ma littafinsa zai buɗe, don kowanne da abin da ya nema.

Na buɗe jarka ɗaya na ɗiga a yatsa na murza. Kulant na gaske yana da ɗan santsi. Wannan kamar zoɓo, ko alamar santsi babu. Na ɗiga shi a kan ɗan ma'aunin gilashin da ake leƙawa, layin ya tsaya kusan inda tsurar ruwa ke tsayawa. Na rubuta cewa ba zan zuba shi a kowace mota ba, na sa hannu, na kai ofis, na riƙe kwafi. A makon da aka tura ni Kano sayen kaya a Kofar Ruwa, shugaban ya sa yaran gareji suka juye abin da ke cikin motocin, suka cika su da na jarka. Da direbobi suka fara kukan allurar zafin inji na hawa, ya tura su wurin wani na bakin hanya ya cire tamostat, makunnin da ke sakin ruwa zuwa lagireto. Tamostat ɗin nan sai zafi ya kai digiri 80 da ɗoriya yake buɗewa, kuma a injuna da yawa shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa ba tare da ya bi lagireto ba. In ka cire shi ka bar wannan ƙofa a hangame, ruwa ya yi ta zagayawa bai huce ba. Na dawo na yi magana, aka ce in an shiga sabon kasafi za a duba.

Bazara ba ta jira kasafi ba. Tsakanin Mashi da Daura mota ɗaya ta tafasa ta mutu, aka jawo ta da igiya. Da na kwance ta, abin da ya fito daga tiyon ƙasa laka ce mai launin tsatsa. Fukafukan famfon ruwa sun cinye, bakinsu ya yi gimtse-gimtse. Cikin murfin baƙin mai ya yi fari-fari, alamar ruwa ya shiga mai. Gaskit, shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da gangar inji, ya ƙone tsakanin silinda da hanyar ruwa, na ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan silindar, haske na wucewa ta ƙasa, alamar ya lanƙwashe. Na zauna a kan benci ina kallon injin da na raina tun yana sabo, raina ya ɓaci matuƙa.

Washegari takardar tuhuma ta iso, da sunana a kai: sakaci wajen kula da dukiyar kamfani. A gaban manaja, shugaban sashen ya ce shi ba bakanike ba ne, abin da masana suka ba shi shawara shi ya bi. Na ciro kwafin takardata na miƙa. Manaja ya karanta har ƙarshe, ya ninke ta, ya ce, "Malam, a rufa wa juna asiri, a bar maganar." Maganar aka bari, kuɗin gyara kuwa daga albashina aka riƙa yanka. Direban ya san komai, ya tsaya a bakin ƙofa kansa a sunkuye. Ban riƙe shi a zuciya ba, yana da iyali. Shugaban ne na kasa yafewa har yau, ba don rashin sani ba, sai don ya sani daga baya kuma ya zaɓi ya ɗora wa na ƙasa da shi.

Sauran abin da na koya ba shi da tsawo. Duk takardar da ka kai ofis, a buga wa kwafinka hatimi. Kada ka gauraya kulant iri biyu, in za ka canza iri ka wanke hanyoyin ruwa tas. Murfin lagireto da robarsa ta tsage ya isa ya tafasa mota mai lafiya, haka ƙurar hunturu da ƙaiƙayi a fuskar lagireto. In ruwa ya tsiyaye maka a daji, zuba mai tsabtan da ka samu bayan inji ya huce, ka iso gida a juye. Tsohon kulant guba ne mai zaƙi, kada a bar shi a kwano inda akuya ko yaro zai kai baki, kada kuma a ɗura shi a gorar lemo.

Ga ɗan'uwan da ya gaje ni: motocin da aka zuba wa na jarka na rubuta lambobinsu a bangon ƙarshe na littafin gareji, da waɗanda aka cire wa tamostat. Waɗanda na samu dama na wanke na yi musu alama da jan biro, sauran suna nan yadda aka bar su. Ka fara da mai zuwa Baure, famfon ruwanta ya fara tsattsafo. Ka nemi a saya maka na gaske kafin watan Maris, kuma ka nema a rubuce.