Dare Biyu a Kan Ƙafa a Tsaunukan Alps

A ƙarshen watan Agusta, ranar Juma'a da misalin ƙarfe shida na yamma, mutum fiye da 2,000 kan yi cincirindo a dandalin da ke gaban cocin garin Chamonix na ƙasar Faransa, kowa da 'yar jaka goye a baya, suna jiran a sallame su. Abin da ke gabansu shi ne su kewaye tsaunin Mont Blanc da ƙafa, su ratsa Italiya da Suwizalan, sannan su dawo daidai inda suka tashi. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 170, wato kusan nisan Kano zuwa Katsina, sai dai mafi yawanta a siririyar hanya ce mai duwatsu da saiwoyin itatuwa, kuma idan aka tara dukkan hawan da ke cikinta ya kai mita 10,000, alhali tsaunin Everest kansa mita 8,849 ne. Duk abin da mutum ya hau kuwa, sai ya gangare shi da ƙafafun da suka hau ɗin. Wannan shi ne tseren Ultra-Trail du Mont-Blanc, da aka fi sani da UTMB, wanda aka fara a shekarar 2003, lokacin da mutum kimanin 700 suka tashi amma 67 kacal suka kai ƙarshe, wani ɗan ƙasar Nepal mai suna Dawa Sherpa ya zo na ɗaya.

A shekarar 2022 na fara kallonsa kai tsaye ta waya, kuma na zauna ne da tsammanin zan ga irin gudun fanfalakin da muka saba gani a titunan manyan birane, inda 'yan Kenya da Habasha ke cinye kilomita 42 cikin sa'o'i biyu da 'yan mintoci. Da aka nuno waɗanda ke kan gaba suna hawa wani tudu mai tsini, sai na ga tafiya suke yi, sun sunkuyar da kai, suna dogara sanduna biyu kamar dattawan da suka fito daga gona. Na yi dariya, na ce a raina ashe abin duk suna ne. Washegari da rana, ina nan dai da wayar a hannu, ɗan ƙasar Sifaniya Kilian Jornet ya shigo Chamonix bayan sa'o'i 19 da minti 49, ya zama na farko da ya gama cikakkiyar hanyar tseren a ƙasa da sa'o'i 20, Bafaranshe Mathieu Blanchard na biye da shi da tazarar kusan minti biyar. A tsakanin dariyar tawa da isowarsa na yi barci, na tashi, na yi sallah, na karya kumallo, na ci abincin rana, su kuwa ba su zauna ba sai na 'yan mintoci.

Tun daga ranar na daina yi wa abin kallon gasar sauri, na koma ganinsa a matsayin gasar tattali. Wanda ya ruga a hawan farko yana ƙona abin da zai nema ido rufe bayan sa'o'i goma sha biyar, kuma a tudu mai tsananin tsayuwa tafiya da ƙarfi ba ta cika bambanta da gudu a sauri ba, sai dai ta fi shi arahar numfashi nesa ba kusa ba. Makamashin gaggawa da jikin ɗan Adam ke adanawa a hanta da tsoka ba ya wuce na 'yan sa'o'i kaɗan idan ana aiki tuƙuru, saboda haka dole ne mai tseren ya riƙa ci yana tafe, tun daga sa'ar farko har ta ƙarshe, ko yana jin yunwa ko ba ya ji. A nan gizo ke saƙar, domin jini ya tafi ƙafafu ya bar hanji, ciki kuma yana ta jijjiga, sai ya fara ƙin abinci, tashin zuciya da amai su biyo baya. Mutane da yawa da suka janye daga irin wannan tsere ƙafafunsu na da sauran ƙarfi, cikinsu ne ya juya musu baya. Ruwa ma da nasa haɗarin: wanda ya yi ta kwankwaɗarsa ba tare da gishiri ba, yana iya tsinka gishirin jininsa har kansa ya ruɗe, kuma hakan na iya kaiwa ga rasa rai.

Wuraren yada zango da aka tanada a kan hanya su ne inda na fi son a nuno, saboda a nan ne ake ganin halin kowa a fili. Babbansu shi ne na garin Courmayeur a Italiya, kusan rabin tafiya, inda zakaru ke isa cikin tsakar dare, talakawan tsere kuma sai gari ya waye. Za ka ga mutum ya shigo zauren da laka har gwiwa, ya zube a kan benci, ya cire takalmi da safa a hankali kamar mai kwance rauni, tafin ƙafarsa ya yi fari ya tattare, ga bororo a yatsu, wani farcen ya riga ya yi baƙi. A gabansa ga romo mai zafi da taliya da cuku da biskit mai gishiri da lemon kwalba, yana kallon su kamar magani mai ɗaci. Gefe guda kuma wani ya kifa goshi a kan tebur ya saita agogonsa ya tashe shi bayan minti ashirin. Kowane zango yana da lokacin rufewa, wanda ya makara sai a karɓe damarsa komai roƙonsa, domin wa'adin tseren gaba ɗaya sa'o'i 46 ne da kusan rabi. Duk lokacin da na ga wannan, fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro nake tunawa, waɗanda su ma lissafinsu na zango zuwa zango ne, sai dai su riba suke nema, kuma in dare ya yi suna sauke kaya su kwanta.

Su waɗannan ba sa kwanciya. Zakara dare ɗaya yake yi a hanya, amma mafi yawan jama'a biyu suke yi, kuma dare na biyu shi ne wanda masu abin ke ambata da fargaba. Daga nesa fitilun goshinsu kan yi jerin gwano a jikin tsauni kamar an zare carbi mai haske, abin gwanin sha'awa ga mai kallo. Shi kuwa wanda ke ƙarƙashin fitilar, ba ya ganin komai sai ɗan da'irar hasken da ke gaban ƙafarsa, kuma bayan sa'o'i talatin babu barci ido kan fara yi masa gizo, kututture ya zame masa mutum a tsugune, dutse ya koma gida mai ƙofa. Akwai masu yin gyangyaɗi suna tafe.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fahimce shi shi ne gangara ta fi hawa lahani. A hawa huhu ne ke wahala, kuma yana farfaɗowa da zarar an kai ƙololuwa. A gangara kuwa tsokar gaban cinya ce ke taka wa jiki birki a kowane taku, tana miƙewa a daidai lokacin da take ɗaukar nauyi, sai ta riƙa samun ƙananan yagewa da ba sa warkewa a cikin tseren. Wanda ya sauko daga mashigar Grand Col Ferret, mai tsayin fiye da mita 2,500 a kan iyakar Italiya da Suwizalan, ya saki jiki a doguwar gangarar da ke biye saboda daɗin sauri, zai biya bashin a tuddai na ƙarshe kafin Chamonix, inda ake ganin ƙarti suna saukowa a karkace ko ma da baya da baya.

Sai kuma batun yanayi, wanda a ganina shi ne ya raba wannan wasa da duk wani tsere na titi. Zafi yana raguwa da kimanin digiri shida da rabi a duk mita 1,000 da aka hau, kuma mutumin da ya jiƙe da gumi, ya gaji, ya tsaya a cikin iska, sanyi na iya kama shi cikin ƙanƙanin lokaci ko da a tsakiyar bazarar Turai ne. Shi ya sa masu shirya UTMB suka wajabta wa kowa ɗaukar rigar ruwa da fitila biyu da bargon gaggawa mai ƙyalli da usur da waya da ruwan sha, kuma suna iya buɗe jakar mutum a kan hanya su duba. Na taɓa ɗaukar wannan a matsayin tsanani irin na Turawa, har sai da na karanta abin da ya faru a lardin Gansu na ƙasar Sin ranar 22 ga Mayun 2021. Mutum 172 ne suka tashi tseren kilomita 100 da safe, da yawansu cikin gajeren wando da 'yar shara-sharar riga, sai da rana ƙanƙara da ruwa mai sanyi da iska mai ƙarfi suka rutsa da su a wani hawa da mota ba ta isa. Mutum 21 suka rasu, cikinsu har da Liang Jing, ɗaya daga cikin gwanayen ƙasar, kuma waɗanda ke kan gaba ne abin ya fi yi wa ɓarna, domin su ne suka fi nisa a saman tsaunin. Wani makiyayi mai suna Zhu Keming, wanda ya fake a wani kogo da ya saba ajiye abinci da tufafi a ciki, shi ya kuɓutar da mutum shida, ya hura musu wuta. Sanin wurin da ya yi ya fi ƙarfin ƙafafunsu amfani a wannan rana.

Ban ɗauki tseren a matsayin abin da babu aibu a cikinsa ba. Ya zama babban kasuwanci, musamman tun da masu shi suka haɗa gwiwa da kamfanin Ironman a 2021, kuma kafin mutum ya shiga sai ya yi wasu tsere na share fage, ya shiga ƙuri'a, ya biya kuɗin jirgi da masauki da kaya masu tsada, abin da ke rufe ƙofa ga gwanaye da yawa daga Afirka. Ba kuma rashin masu iya hawa ne ya jawo ba, domin a garin Buea na Kamaru tun 1973 ake tseren hawa da sauka daga tsaunin Kamaru mai tsayin fiye da mita 4,000, inda Sarah Etonge ta lashe sau bakwai har aka yi mata laƙabi da sarauniyar tsauni.

Wani abin lura shi ne, gwargwadon tsawon tsere, gwargwadon yadda mata ke matsowa kusa da maza. Ba'amurkiya Courtney Dauwalter ta lashe UTMB a 2019 da 2021 da 2023, kuma a 2021 mutum shida ne kawai suka riga ta isowa cikin dukkan maza da mata. A 2023 ta haɗa shi da wasu manyan tsere biyu na mil 100 a Amurka, Western States da Hardrock, duka ukun cikin kimanin mako goma. Amma labarin da na fi komawa gare shi na Jasmin Paris ne, likitar dabbobi 'yar Birtaniya, wadda a 2019 ta doke maza da mata a tseren Spine mai mil 268 a tsakiyar hunturun ƙasarta, tana tsayawa a zango tana tatsar nono saboda ta baro 'yarta da ba ta yaye ba.

A watan Maris na 2024 ta shiga tseren Barkley a tsaunukan jihar Tennessee, wanda ake yi tun 1986, inda ba a ɗaukar fiye da mutum arba'in, babu alamun hanya, kuma dole mai tseren ya nemo littattafan da aka ɓoye a daji ya yago shafin da ya yi daidai da lambarsa a matsayin shaida. Zagaye biyar ake yi cikin sa'o'i 60, kuma kafin wannan shekara babu macen da ta taɓa gamawa. A hoton bidiyon da aka ɗauka, an gan ta ta ɓullo daga ƙarshen hanya tana gudu da iyakar abin da ya rage mata, ƙafafunta duk sun sha ƙaya, jama'a na ta ihu suna duba agogo. Ta taɓa ƙofar nan mai launin rawaya da ke zaman ƙarshen tseren, ta zube ƙasa, agogo na nuna sa'o'i 59 da minti 58 da daƙiƙa 21, wato saura daƙiƙa 99 wa'adi ya cika.