Sammako a Chandni Chowk

Jinyar yayana ce ta kai ni Delhi. Wani ɗan Kano da ya daɗe yana raka marasa lafiya Indiya ya ce mini, "Alhaji, in kana son ganin tsohon garin, ka riga rana fita." Na yi Asuba a Jama Masjid, masallacin da Sarki Shah Jahan ya kammala a 1656, na gangaro Chandni Chowk, babban titin kasuwar tsohon garin, gari bai gama wayewa ba.

Titin bai kai kilomita biyu ba, amma addini huɗu ke tashi a kansa lokaci guda. A bakinsa, daura da ganuwar Lal Qila, tsohuwar fadar sarakuna, akwai jan ɗakin bautar mabiya Jain, wanda har asibitin tsuntsaye gare shi. Kusa da shi ɗakin bautar Gauri Shankar na 'yan Hindu, ƙararrawa na ta bugawa. Na tsaya kallon wata tsohuwa a ƙofar tana shirya furanni ruwan goro a zare, hannunta na tafiya idonta na kan masu wucewa. Mai saye ba ya ciniki, ya ajiye kuɗi ya ɗauka ya tuɓe takalmi.

Gaba kaɗan sai Sis Ganj, ɗakin bautar mabiya Sikh, inda aka kashe jagoransu Tegh Bahadur a 1675. Ka ba da ajiyar takalmi, ka taka ruwa, a ba ka ƙyalle ka rufe kai. Abinci kyauta ne, ba a tambayar addinin kowa. Wannan kam ya burge ni.

Ainihin masu titin da safe 'yan dako ne. Daga ƙarfe 9 ake hana motoci shiga, shi ya sa ake rige-rigen sauke kaya kafin lokacin, buhu a ka, buhu a baro, ana ihu a ba da hanya. Shaguna kuwa ba sa buɗewa sai hantsi, don haka mai niyyar sayayya kada ya wahalar da kansa da sammako. Ranar Lahadi ma yawancinsu a rufe suke.

Na koyi riƙe canji a aljihu, domin mai shayi ba shi da lokacin neman canjin babbar takarda. Ba na ɗaukar hoton mai ibada sai na nemi izini. Nama kuwa, kada ka neme shi kusa da ɗakunan bauta. Koma wajen Jama Masjid ka ci nihari, farfesun da ke kwana a wuta.

Ƙarshen titin masallacin Fatehpuri ne, gefensa kasuwar kayan yaji ta Khari Baoli, kamar an ɗauko layin 'yan yaji na Kurmi an ninka. Can ake juye buhunan barkono da citta da kanumfari, kowa na atishawa har masu dakon. Ka tafi da takunkumi, musamman a sanyin Disamba da hayaƙi ke rufe garin.