Inda muka rabu da Inna kan roƙon tsarkaka

Ni ɗan EERN ne, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, a nan aka yi mini baftisma, kakana ma yana cikin waɗanda suka yi karatun Littafi Mai Tsarki a Tsibiri a hannun Turawan mishan na SIM. Ƙanwar mahaifiyata kuwa, wadda muke ce wa Inna, wani ɗan Benin mai gyaran rediyo ta aura, ta bi shi Katolika. Shekara da shekaru ke nan Lahadinta ba ta wuce babbar majami'ar Notre Dame de Lourdes ta nan Maradi.

Daminar bara zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ɗiyata, Inna ta kwana bakin gadonta. Carbinta na roba ne shuɗi, gicciyen duk ya koɗe don taɓawa. Tana ja ƙwaya-ƙwaya, tana roƙon Maryamu ta yi mana addu'a, mu masu zunubi, yanzu da lokacin mutuwarmu. Gari na wayewa na ce, "Inna, me ya hana ki roƙi Yesu kai tsaye?" Ta ce, "Ɗan nan, ba jiya ka buga wa pasto waya ka ce ya sa yarinyar a addu'a ba? Kai me ya hana ka roƙa da kanka?"

Hujjar Katolika ke nan a bakin tsohuwar da ba ta yi lakwal ba. Yakubu 5:16 ya ce mu yi wa juna addu'a, addu'ar mai adalci kuma tana da ƙarfi. Su a wajensu mutuwa ba ta fitar da mutum daga jikin Almasihu, don haka wanda ke gaban Allah ya fi pasto kusa. Suna kawo Wahayin Yahaya 5:8, inda dattawa ke riƙe da tasoshin zinariya cike da turare, wato addu'o'in tsarkaka. Suna kuma kawo 2 Makabi 15, inda aka ga annabi Irmiya yana yi wa jama'a addu'a bayan rasuwarsa, sai dai mu wannan littafin ba ya cikin namu.

Mu kuma 1 Timoti 2:5 muke riƙe da ita: Allah ɗaya ne, matsakanci ɗaya ne, Almasihu Yesu. Abin da ya fi tsaya mini a rai ma yana cikin Ayyukan Manzanni. An jejjefe Istifanus a sura 7, Hirudus ya kashe Yakubu da takobi a sura 12, ya kama Bitrus. Ikilisiya ta duƙufa da addu'a dominsa, amma Allah ta roƙa. Ba wanda ya kira sunan Istifanus ko Yakubu, alhali jininsu bai daɗe da zuba ba. Baƙo ne ke neman dogari ya kai shi gaban sarki, ɗan gida shiga yake yi, Ibraniyawa 4:16 kuwa ta ce mu matso kursiyin alheri gabagaɗi. Pasto kuma in na kira shi na san ya ji ni. Wanda ya rasu, ban ga ayar da ta tabbatar mini yana jin mutum a Maradi da wani a Kwatano lokaci guda ba.

Mutumin garin nan ba baƙon wannan gardama ba ne, don maƙwabtanmu 'yan Izala da 'yan ɗarika sun daɗe suna yin irinta kan tawassuli da waliyyai.

Ratar da ke tsakaninmu da Katolika dai ba ta kai yadda ake faɗa a kan mumbari ba. Furcin bangaskiyar da mabiya Martin Luta, jagoran Furotesta, suka miƙa a Ogsbog ta Jamus a 1530 ya ce a tuna da tsarkaka, a yi koyi da bangaskiyarsu, kiransu ne kawai Nassi bai koyar ba. Melankton da ya rubuta shi har ya yarda daga baya cewa tsarkaka a sama suna yi wa ikilisiya addu'a. Ban musa cewa cikin 'yan Katolika akwai wanda in abu ya ɓace masa Antoni na Paduwa, ɗaya daga cikin tsarkaka, zai fara kira kafin Allah ba, wannan yana damuna ƙwarai, kuma ba zan koya wa ɗiyata haka ba.

Amma raina yana ɓaci in na ji matashin mai wa'azi ya ɗau lasifika yana cewa Katolika gumaka suke bauta wa. Inna yake nufi, ko da bai san ta ba. Tun taron shugabannin ikilisiya na biyu a Nikiya a 787 aka raba girmamawa da sujada, aka ce sujada ta Allah ce shi kaɗai. Taron shugabannin Katolika na Tirent a 1563, wanda ya ce roƙon tsarkaka abu ne mai kyau da amfani, a wuri guda ya rubuta cewa alherin daga Allah yake zuwa, ta hannun Ɗansa Yesu Almasihu, wanda shi kaɗai ne Mai Fansa da Mai Ceto.